Irin Cukun Gidan Maruso

Da sandar asibiti Maruso ta tura ƙofar ɗakin ajiya, sai ƙamshin sabulu ya tare ta. Nan take ta tsaya cak. Ɗakin da ake kirɓa kofanisti, cukun gargajiya mai yaji, ba ya ƙamshi, wari yake, mai sa baƙo hawaye.

Tukunyar ƙasar da ake ajiye cukun tana tsakar gida, an wanke ta tas, har an dasa fure a ciki.

Ɗanta Zannis ne ya yi aikin, tana can kwance an yi mata aikin ƙugu. Ya ce masu yawon buɗe ido da ke haya a saman benen gidan sun dame shi da ƙorafi, shi kuma ya leƙa ya ga abu ya yi funfuna.

"Mama, ruɓaɓɓe ne fa. Zan sayo miki wani."

Ji shashanci! Wannan ruɓaɓɓen shi ne irin. Kowace shekara a cikinsa ake cuɗa sabon cuku ya ɗauki yajinsa, tun daga hannun kakarta. In babu shi, madara ce kawai ta lalace. Baƙin ciki ya hana ta ko zaginsa.

Duk tsibirin Mikonos na ƙasar Girka mutum ɗaya ce ke da irin cukun gidansu: ƙanwarta Firaskula, wadda ko gaisawa ba sa yi tun rigimar rabon gona. Maruso ta haɗiye girman kai, ta ɗingisa har can, tana tsine wa kowane dutsen hanya.

Firaskula ta daɗe tana kallonta a bakin ƙofa, kafin ta jawo mata kujera. Ta jiƙa busasshen burodin sha'ir, ta shafa cuku, ta yanka tumatir, ta zuba man zaitun.

Loma ɗaya Maruso ta gane na kanti ne. Gishiri zalla.

"Kin gane ko, Yaya?" Firaskula ta sunkuyar da kai. "Nawa ya mutu tun shekarar da mijina ya kwanta ciwo. Kullum sai in ce zan zo in roƙe ki, kunya ta hana. Da na tuna naki na nan, sai hankalina ya kwanta. Tunda kin tako da kanki, don Allah ki sammini ko cokali ɗaya."

Maruso ta ci gaba da tauna, tana tuna furen da ke cikin tukunyarta.

"To," ta ce. "Bari in ɗan warware."