Birkin Pak Darmaji

Ganyen barkonon da mahaifiyarta ta shuka a tsohon bokiti bakin ƙofa ya yi ɗige-ɗigen ja. Ratri ta murza ɗaya da yatsa, bai goge ba. Fenti ne. Ta tura babur ɗinta ta kafe shi can gefe, domin motar mahaifinta ta cinye farfajiyar gidan, an ɗage gabanta a kan jak da kututturen katako, tayoyi biyu na jingine da bango.

Saura kwana uku sallah. Jibi da sassafe za su bar Semarang su haura Wonosobo wajen dangi, ita da 'ya'yanta biyu da iyayenta, kuma hanyar duk hawa ce da gangara a gefen dutse. Motar kuwa ta kwana biyu cikin ruwan tekun da ya malalo unguwar watan jiya. Gishiri ya ci ƙarafan birkin gaba, waɗannan masu kama da muƙamuƙi da ke cafke faifan taya in an taka. Ratri ta roƙi mahaifinta ya kai gareji. Pak Darmaji ya ce shekara talatin da huɗu ya yi yana gyara birkin motocin haya, ba zai je ya tsaya wanda ko gemu bai fara ba yana yi masa bayani. Kwana huɗu ya ɗauka yana kankare tsatsa da burushin waya. Ya wanke su, ya sauya robobi, ya feshe su da jan fenti ya rataye a igiyar shanya.

Ta kama hannunsa ta kai goshinta, ta wuce ciki gaida mahaifiyarta. Ta sauya kayan aiki, ta yi sallar azahar, ta ɗan jingina da bango idonta a rufe. Tun safe take tsaye a kantin magani, ga azumi. Ko da ta fito, ya sauke ƙarafan daga igiya da kansa, ya ɗaura su, har ya haɗa tiyo.

"Shiga ki taka mini, Nduk," in ji shi. Haka yake kiranta tun tana rarrafe.

Aikin fitar da iska daga tiyon birki na mutum biyu ne, ta san shi tun tana 'yar shekara tara. Ita tana ciki tana taka birki, shi yana kwance a kan kwali yana kwance ɗan noti, mai ya zubo cikin kwalba.

"Taka. Taka. Riƙe!"

"Na riƙe."

"Saki."

Suna cikin haka Pak Sarwo, maƙwabcinsu, tsohon direban haya, ya shigo da kujerarsa ta roba ya zauna a inuwar bango.

"Iye! Jan birki! Mas Dar, tsere za ka shiga da tsufanka?"

"Tawa dai tana tsayawa," in ji Pak Darmaji daga ƙarƙashin mota. "Taka kuwa sai an bi ta da dutse ana cusawa a gindin taya."

"Ai kai kake gyara mini ita, shi ya sa."

Ratri ba ta yi dariya ba. Sha-raɓarta ta fara ciwo, rigarta ta manne da kujera. Taka, riƙe, saki. Kwalbar man birki ta farko ta ƙare, aka fasa ta biyu. Hadari ya taso daga teku ya tsaya bai zubo ba, sai zufa. Duk takun da ta yi, birkin sai ya lume har ƙasa kamar ta taka nunanniyar gwanda. Muryar mahaifinta ta dushe, har ya daina faɗin "saki", sai dai ya buga sufana a jikin ƙarfe.

Bayan an kira la'asar ya jawo jiki ya fito, ya zauna dirshan yana haki.

"Ya isa haka. Sabbin robobi ne, za su zauna a hanya. In aka taka sau biyu ai yana kamawa."

"Sau biyu?" in ji Pak Sarwo. "A gangaren Wonosobo, kafin ka yi na biyun ka riga ka gaisa da masu noman dankali a ƙasan kwari."

"Garo mini tayar nan, ka rage surutu."

Ratri ta tuna kujerar baya, inda yaran ke barci kansu a jikin kakarsu. Ta fito tana ɗingishi, ta ce ƙafarta ce ta riƙe, ta tsuguna gefen motar tana matsa ta. Daga nan ta ga ɗan notin fitar da iska yana kallon ƙasa. Ta zagaya ɗaya gefen, shi ma haka. Iska sama take gudu, dole mafitarta ta kasance a sama. Shi da bakinsa ya koya mata. Ya ɗaura ƙarfen hagu a dama, na dama a hagu. Fenti ya rufe alamar da ke jikinsu, idonsa kuma ya yi yana, da hannu yake laluben komai yanzu. Ko za su kai gobe suna takawa, iskar ba za ta fita ba.

A gidansu ɗa ba ya ce wa uba ka yi kuskure. Ballantana a gaban Pak Sarwo, wanda kafin a sha ruwa zai kai labarin barandar masallaci, a yi ta maimaita shi har bayan sallah. Mahaifinta ba shi da sauran abin taƙama sai wannan hannun nasa. Ga shi kuma an garo taya, yana neman notinta a cikin gwangwani.

"Pak," ta ce wa mahaifinta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ka yafe mini. Ina jin ni na ɓata aikin. Da na sauko maka da su daga igiya na juya su, na hagu na ajiye a dama. Ka tambaye ni, na ce na duba."

Pak Sarwo ya taso ya leƙa, ya tuntsire da dariya har yana dafa mota.

"Wallahi a kife suke! Mbak Ratri, shekara huɗu a jami'a, hagu da dama sun gagare ki? Allah ya sa ba haka kike haɗa wa mutane magani ba. Kin shanya dattijo a ƙasa tun azahar!"

"Gajiya ce, Pak," ta ce. "A yi haƙuri."

Pak Darmaji ya sa yatsa ya taɓa ɗan notin, ya bi jikin ƙarfen da hannu har sama, inda ya kamata ya kasance. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya dube ta, ita kuma ta dubi siminti. Shi da hannunsa ya sauke ƙarafan daga igiya, dukansu biyu sun sani. Jira take ya yi mata faɗa, ko da kalma biyu ce, maganar ta rufu ke nan, su kwance su sake ɗaurawa kafin magariba.

Bai yi faɗan ba. Ya goge sufanar da tsumma, ciki da waje, ya ajiye ta daidai ƙafarta. Ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali, ya laluba takalminsa ya zura. Pak Sarwo na ta ba da labarin wani yaron mota da ya taɓa zuba ruwa a tankin mai, bai ma lura ba lokacin da dattijon ya ratsa tsakanin motar da bango, ya ja ƙofar gidan a bayansa, ya fita.