Turame Takwas na Gwaggo Zubaida

Ƙarfe biyu ta ɗan gota, rana ta tsaya a tsakar ka kamar ba za ta gusa ba. Irin zafin nan ne na ƙarshen damina, ruwa ya ɗauke, sanyi bai shigo ba, ko ganye ba ya motsi. A lokacin muka iso shingen 'yan kwastan na kan iyaka, ta wajen Baure, ni da Gwaggo Zubaida a kan babur, adakarta ɗaure a baya.

Gwaggo yayar babanmu ce. Ta fi shekara talatin tana aure a wani ƙauye cikin Nijar. Mijinta, Malam Bature, ya rasu, ta gama takaba, Allah bai ba su haihuwa ba, gidan kuma ya zama na magada. Sai Baba ya ce in je in dawo da ita Daura. Gado da tukwane sun riga sun tafi a motar kasuwa. Adakar ce kawai ta ce ba inda za ta sai da idonta a kai.

Hanyar rairayi ce zalla. Tun hantsi ƙafafuna biyu suna ƙasa, ina jan su ina zamewa, babur yana wutsil-wutsil, Gwaggo ta riƙe min riga tana salati duk sanda muka karkace. Sau biyu muna sauka mu tura.

Abin da ke cikin adakar kuwa atamfa ce, turmi takwas. Duk shekarar da wake ya yi kyau, Gwaggo takan sayi turmi ɗaya ta ajiye. Ba ta ɗinkawa, ba ta ko ɓare tambarin kamfani. Wasu ta sayar lokacin jinyar Malam, waɗannan takwas ɗin su suka rage. Su ne abin da za ta shiga gidan ƙaninta da shi, don in ciwo ya zo ko wata lalura, ta ɗauki ɗaya ta aika kasuwa, ba sai ta miƙa wa kowa hannu ba. Turmi kuwa in almakashi ya taɓa shi, ba mai sayensa da daraja. Kowa ya san wannan.

Ni ma na yi nawa gangancin. Ranar kasuwar ƙauyen ce, atamfa ta fi araha a can, ni kuma ina ta harhaɗa lefen Mardiyya, wadda zan aura, a hankali. Sai na sayi turmi biyu. Ba wurin sa su, na buɗe adakar Gwaggo na ɗora a sama, cikin ledar mai shago.

Shingen dai igiya ce aka ɗaura tsakanin duro biyu, da ɗaki ɗaya na langa-langa, da bishiyar darbejiya. Jami'in da ya tare mu siriri ne, idonsa ja irin na wanda bai ƙoshi da barci ba, an rubuta Sadiq a ƙirjin rigarsa. Bayansa a inuwa akwai wani babbansu mai tumbi, zaune a kujerar roba yana fifita da jarida.

"Sannunku da hanya. Inna, barka da rana. Me ke cikin akwatin?"

"Kayana ne," in ji Gwaggo.

Na kwance igiyar adakar na buɗe. Ƙamshin kafur ya taso. Abin da ya fara gani ledar mai shago ce, sabuwa ƙal. Ya ɗaga ta, ya ga turamen a jere a ƙasa, kowanne da tambarinsa yana ƙyalli. Ya ja numfashi. Ya dubi Gwaggo, ya dubi furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwalinta, sannan ya ɗan rage murya.

"Inna, waɗannan na ƙasan ai tsofaffin kayan sawarki ne, ko? An sha wanke su."

Na gane inda ya dosa. Na taka wa Gwaggo ɗan yatsa a hankali. Ta janye ƙafarta.

"Tsofaffi? Yaro, buɗe idonka da kyau. Ko ruwa ba su taɓa gani ba. Duba tambarinsu. Ka kai su Kasuwar Daura yau ɗin nan, ka ga in ba a yi rububinsu ba. Sababbi ne fil!"

Ta faɗa da ƙarfi, yadda har mai rake da ke gindin bishiyar ya waiwayo. Mai tumbin ya sauke jaridarsa.

"Sadiq, ka ji da kunnenka. Yi aikinka."

Sadiq ya shafa fuska da tafin hannu. Ya ce abin da suke bi a shingen shi ne, mutum ɗaya zai wuce da sabon turmi biyu na amfanin kansa. Abin da ya haura haka kayan sayarwa ne, sai an biya kuɗin fito, in ba haka ba a shigar da shi sito. Mu biyu ne, huɗu za su wuce, shida su tsaya. Da ya faɗi kuɗin, ban ma tsaya taya shi ba, don abin da ke aljihuna na mai ne kawai.

"Akwai hanya ɗaya," ya ƙara. "In an yanka turmi, ya zama kayan ɗinki. Wannan ba ruwanmu da shi."

"A yanka?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ni da ƙafata na wuce ta nan ina amarya, da kwanuka da tabarmi a kan jakai, ba wanda ya ɗaga min murfi. Yaushe aka shuka igiyar nan?"

"Ta girme ni a aiki, Inna."

Muka ja adakar zuwa inuwa. Na sayo mata ruwan leda, ta sha rabi ta zuba sauran a ƙafa. Na ce, "Gwaggo, mutumin nan fa taimakonki ya so yi. Da kin ce eh kawai, da yanzu mun kusa Baure."



"Na gane, Zakiyyu. Daga baya na gane. To amma in tsaya da furfurata in ce tsumma ne? Abin da na hana cikina na tara?"

Na kira Baba, wayar ta kama layin Nijar tana ta yi min Faransanci, sai da na hau kan duro sannan ta shiga. Ya ce mu ba su haƙuri. Na je na ba da haƙurin. Mai tumbin bai ɗaga min murya ba, ya ce shi ma yana da na sama da shi, kuma tsohuwa ta faɗa a gaban jama'a. Na tambayi Sadiq a gefe, in an sa kaya a sito yaya ake karɓo su. Ya ce sai an je da takarda ofis, a dawo, a sake komawa. Ya nuna min rufin sitonsu da haɓa. Akwai inda rana ke leƙawa ciki, akwai kuma gara.

Haka muka zauna. Motar kasuwa ta zo ta wuce, 'yan acaɓa suka wuce, wani da raƙumi. Aka kira La'asar a wani ɗan masallacin kara, na je na yi, na dawo na tarar Gwaggo ta fito da turamen ta jera a kan tabarmar mai rake. Ta kwance bakin zanenta ta ciro sabuwar reza.

"Zo ka taya ni zaɓe. Waɗanne huɗu za su tsira?"

Ta ɗauki wani mai ruwan ganye, ta ce wannan na shekarar da aka haƙa musu rijiya ne. Ta ajiye. Ta ɗauki wani mai zanen tsuntsaye, ta ce Malam ne ya cika mata kuɗinsa, turmin nan kaɗai ne ya taɓa zaɓa mata. Ta ajiye shi ma. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta zagayo kan na farko, rezar tana hannunta cikin takardarta, ba ta ɓare ba.

Na dubi ledata. Da ba ta a saman adakar, da wataƙila Sadiq ya leƙa ya rufe. Na karɓi rezar daga hannun Gwaggo, na warware turmina na farko, mai rake ya riƙe min ɗaya bakin. Na ɗan tsaga gefe, na ja. Ƙarar yagewar ta fi yadda na zata. Na yi wa na biyun haka. Na san ƙannen uwar Mardiyya za su ɗaga su ranar kai lefe su dubi juna, amma wannan maganar wata rana ce.

Gwaggo ta ɗauki guntun ta duba bakinsa.

"Ka yanka a karkace," ta ce.

Yanzu saura takwas nata, huɗu su wuce, huɗu su tsaya. Rana ta fara yin ja. In Magariba ta same mu a nan, ga tsohuwa, ga fitilar babur ɗina da sai an buge ta take kamawa.

Ana cikin haka sai ga wasu mata biyu sun ɓullo daga gonakin Nijar, ƙafafunsu fari fat da ƙasa, kowacce da ƙullin gyaɗa a kai. 'Yan ƙwadagon tsinkar gyaɗa ne daga wani ƙauye na ɓangarenmu, kullum da safe su tsallaka, da yamma su dawo. Suka tsaya shan ruwa a randar da ke gindin darbejiyar. Babbar cikinsu, wadda mai rake ya kira Lami, ta dubi tabarmar.

"Ikon Allah. Baaba, shago kika buɗe a kan iyaka?"

Mai rake ne ya ba su labarin, har da yadda ta ce sababbi ne fil, yana kwaikwayon muryarta. Ƙaramar, Rabi, ta ƙyalƙyale da dariya har ruwa ya sarƙe ta.

"Kai, Baaba! Aka buɗe miki ƙofa kika ce ke ta katanga za ki bi."

"Rufe mana baki," in ji Lami. "Ke da ko ɗankwali biyu ba ki taɓa tarawa ba." Ta goge hannunta a zane, ta juya wajena. "Mutum ɗaya nawa suka ce?"

"Biyu."

"To ni ba mutum ba ce? Wannan shashashar ma ai a ƙirga za a ƙirga ta."

Ta sunkuya ta ɗauki mai tsuntsayen da wani, ta ɗora a kan ƙullin gyaɗarta. Gwaggo ta yi zumbur ta riƙe mata hannu.

"Ke 'yar nan, ina za ki kai min?"

"Makka zan kai miki. Sake ni, Baaba, yara na can ba su ci ba."

Na ce, "Gwaggo, bari." Ta sake ta, amma idonta bai bar turamen ba. Rabi ta ɗauki biyu ita ma. Na mayar da sauran adaka, na ɗaure, na tura babur muka bi bayansu.

Mai tumbin ya shiga ɗaki yana waya, muna jin muryarsa ta cikin langa-langa. Sadiq ne kaɗai a bakin igiya. Ya dubi kan Lami, ya dubi na Rabi, ya daɗe yana kallo.

"Lami, naki ne?"

"A kan wa ka gan shi?"

"Nawa ne?"

"Ka iya ƙirga, ranka ya daɗe, kai ka yi boko."

Bai yi dariya ba. Ya kwance igiyar ya sake ta ƙasa, suka tsallake. Ya buɗe adakarmu ya ƙirga huɗu, ya ɗaga yankakkun ya gani, ya rufe. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya koma kan bencinsa ya cire hula.

Matan ba su tsaya ba sai da suka wuce kwanar farko, inda shingen ba ya hango mutum. Ko da muka iso, sun ɗora turamen huɗu a kan wani kututture a bakin hanya, sun shimfiɗa ganyen tumfafiya a ƙasansu. Gwaggo ta sauka tun ban gama tsayawa ba. Ta ɗauke su ɗaya-ɗaya, tana shafa tambarin da babban yatsa, tana ƙirgawa a fili. Da ta zo kan mai tsuntsayen ta tsaya.

"Duba nan. Ta sa min ƙasar gyaɗa a jiki."

Ta hure, ta kakkaɓe da bakin mayafi, ta sake hurewa.

Na juya in yi musu magana. Har sun saki hanya sun shiga cikin karan gero, ƙullin gyaɗarsu kawai nake hangowa yana tafiya. Muryar Lami tana tashi, tana yi wa Rabi faɗa a kan wata ƙwarya da ta manto a gona.

"Zakiyyu, ɗaure adakar nan da kyau," in ji Gwaggo. "Ɗazu tana ta buga min baya."