Babu Rezo, Ki Dawo Gobe

Kun san kwamfutar nan, kada ku ce ba ku san ta ba. Duk wanda ya taɓa shiga meri, ofishin magajin garinmu, neman takardar haihuwa ya gan ta bisa tebur, an lulluɓe ta da zane kamar ƙwaryar fura. Kun kuma ga yarinyar da ke zaune a benci bakin ƙofa. Kun gaishe ta, kun kau da kai, kun wuce.

Sunanta Salima, 'yar Yero mai shanu, daga wata ruga ta wajen Dogo-Dogo. Ta gama lakwal, wato makarantar boko, tana son shiga jarrabawar makarantar ungozoma. Bana an ce ba a rubuta suna da hannu, sai ta cikin shirin da aka sa wa kwamfutar meri, kuma ranar Juma'a za a rufe. Shekarunta sun kai iyakar da aka yanke. In ta rasa bana, ta rasa ke nan.

Mai kula da kwamfutar shi ne Tamu, sakataren meri, wanda ake ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci. Kullum Salima ta sauko daga kabu-kabu, sai ya yaye zanen, ya kunna, ya danna kalmar sirri da yatsa ɗaya. Wani ɗan akwati ja ya fito. Ya rufe shi tun kafin ya gama fitowa, ya ɗora laifin kan rezo, wato sabis ɗin intanet.

"Babu rezo, 'yar Yero. Ki dawo gobe."

"Mushe, ai ga wayarka can tana kiɗa."

"Rezon waya daban, na gwamnati daban."

Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Kande mai ƙosai ta leƙo ta taga ta ce, "Rezon naku ya tsallaka Najeriya cin kasuwa, Tamu. In ya dawo ka ce ya riƙo mini manja."

Salima ma ta yi murmushi, don ba ta ga abin da za ta yi ba.

Ranar Laraba ta je ta samo Mas'udu, malamin lissafi na kwalejin garin, wanda ya koyar da ita a da. Ya zo da alli a hannun rigarsa, ya roƙi Tamu ya bar shi ya duba.

"Kayan gwamnati ne, malam. In ta lalace a hannunka wa zai amsa? Na faɗa wa na sama, za a turo mutum daga Damagaram."

"Yaushe?"

"In Allah ya so."

"Allah ya riga ya so, Mushe Tamu, tunda ya ba ka ido. Ka bar ni in karanta abin da jan akwatin ke faɗi kawai."

Tamu ya mayar da zanen, ya gyara gefensa. Masu zaman benci suka kau da kai. Juma'a ta zo, aka tashi aiki da wuri saboda masallaci.

Ranar Litinin da safe Tamu da kansa ya aika a kira Mas'udu. Magajin gari ya dasa itatuwa a bakin tasha, an yi masa hotuna, yana so a tura su sama kafin azahar. Yanzu kayan gwamnati sun taɓu.

Salima tana nan a bencinta. Ubanta ya rako ta, yana tsugune da sandarsa, don ta ce masa wataƙila an ƙara kwana.

Mas'udu ya fara da abin da kowa zai fara da shi. Ya bi wayar da ta haɗa kwamfutar da akwatin rezo, tana zaune daram. Fitilun akwatin duk kore ne. Ya kashe, ya kunna. Ya buɗe wani shafi na labarai, ya buɗu nan take.

"Ga rezo kamar ruwan Agusta," in ji shi. "Sa kalmar sirrinka mu gani."

Tamu ya danna. Ɗige-ɗige baƙaƙe suka jeru, jan akwatin ya fito. Hannun Tamu ya tafi zai rufe, Mas'udu ya riƙe shi. Layi biyu ne da Faransanci. Na sama ya ce an kasa haɗuwa da rezo. Na ƙasa ya ce a duba kalmar sirri.

"Ka taɓa karanta na ƙasan?"

"Kalmata daidai take. Damana ce. Ni na zaɓe ta, ina zan manta damana?"

Mas'udu ya buɗe farar takarda a fuskar kwamfutar, inda haruffa ba sa ɓuya. "Rubuta ta nan."

Tamu ya danna harafi bayan harafi, yana kiran sunansu. Abin da ya fito shi ne dq,qnq.

Mas'udu ya sunkuya ya dubi allon haruffan. Sabo ne fil, da ledarsa a gefe.

"Ina tsohon?"

"Shayi ya zube masa. Na sayo wannan a kasuwar Maigatari, da aljihuna ma."

"To na Ingilishi ka sayo. Kwamfutar kuwa da Faransanci take ji. Inda aka rubuta maka A, ita Q ta sani. Inda aka rubuta M, waƙafi ta sani. Tun ranar shayin nan ƙarya kake faɗa mata, ita kuma tana faɗa maka gaskiya kana rufe mata baki."

Ya danna wuri ɗaya a ƙasan fuskar, ya sauya harshen allon. Tamu ya sake rubuta damana. Shirin ya buɗe kafin Kande ta juya ƙosanta.

Salima ta miƙe. Mas'udu bai jira izinin kowa ba, ya shiga shafin jarrabawar. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa an rufe ɗaukar suna ranar Juma'a. Ya karanta a zuci. Ita ma ta iya karatu, ba ta buƙaci a fassara mata ba.

Yero ya taso. "Malam, ya gyaru?"

"Ya gyaru, Baffa."

"To alhamdu lillahi. A rubuta ta."

Salima ta kama bakin rigarsa. "Baba, mu je. Rana na yi, shanu ba su sha ruwa ba."

Suna fita, Tamu ya jawo kujera. "Haka Allah ya rubuta mata," ya ce. "Malam, nuna mini inda ake sa hotunan."

Hotunan sun isa kafin azahar. Ruggar su Salima har yau babu ungozoma.

Kada ku ɗora wa Tamu shi kaɗai. Ranar Laraba bencin nan cike yake da mutane masu baki, kuma wasunku suna cikinsu. Gobe za ku shiga wani ofis, a ce muku babu rezo. Kada ku yi dariya, kada ku juya. Ku tsaya, ku ce a juyo muku fuskar kwamfutar, ku sa a karanta layin ƙasa da ƙarfi kowa ya ji, kuma kada ku bar wurin sai an bar wanda ya iya ya taɓa ta.