Kunkurun Hajiya Sabuwa

"Ki ajiye shi a saman benen, ki danna maɓallin tsakiya, shi ke nan," in ji Hajiya Sabuwa. Tana tsaye a gindin matakala, ta dogara da bango.

Scholastica maƙwabciyarta ta haye da injin sharar rungume a ƙirji tana haki. "Mama, wannan abin naki fa ya fi jikana nauyi!"

Kunkuru Hajiya take kiransa. Rabi'a 'yarta, likita a Birmingham, ita ta sayo mata shi bara. Yana share gida tas da kansa, amma bai iya hawa bene ba, sai an ɗauke shi. Ga shi da baƙin tsegumi, duk inda ya share sai ya aika wa wayar Rabi'a taswira. Yau kwana goma sha biyu ke nan gwiwoyin Hajiya sun ƙi matakala. A kan kujerar falo take kwana, Allah ya taimake ta banɗakin yana ƙasa, bayan kicin. Ta kuma san ranar da Rabi'a ta gane, ranar za a haɗa mata akwati. Shekara talatin da ɗaya a gidan nan na unguwar Moss Side, nan ta yi jego, nan aka fitar da gawar mijinta Malam, sannan a ce ta koma unguwar Edgbaston a Birmingham zaman gidan suruki? Haba! Shi ya sa kullum da safe Scholastica take kai kunkuru sama, don taswira ta nuna Hajiya tana nan garau.

Bayan la'asar tana lazimi sai ta ji ana murɗa mukulli a ƙofa. Rabi'a ce, ko katin asibiti ba ta cire daga wuya ba.

"Ikon Allah! Ke ce yau, ga shi ba Asabar ba? Lafiya?"

"Lafiya lau, Mama. Jirgin ƙasa na ƙarfe biyu na biyo." Ta durƙusa ta gaishe ta, idonta na kan bargon da aka cusa a bayan kujera. "Yaya ƙafa?"

"Ƙafa ras. Ba ki ga ko yau an share sama ba?"

"Na gani." Rabi'a ta zauna a ƙasa ta fito da waya. "Mama, tun da na kawo injin nan bai taɓa shiga ɗakinki ba. Ke kika ce abin da yake bin inda ake cire takalma ba zai taka inda kike salla ba. Kullum sai kin ja ƙofa. To, kwana tara ke nan yana shiga har ƙarƙashin gado. Falon nan kuma, da kullum ake sharewa, yanzu shi ake rufewa."

Hajiya ta kalli zanen ɗakinta a wayar, an bi shi lungu-lungu. Kash! Ta tsara komai, amma ba ta gaya wa Scholastica zancen ƙofa ba. Ita kuwa baiwar Allah ina za ta sani, sai ta riƙa buɗe wa kunkuru ɗakin, gani take taimako take yi. Kunya ta kama Hajiya, irin wadda rabonta da ita tun tana amarya.

"Ba zan je Birmingham ba," ta ce. "Na gaya miki tun yanzu."

"Da kin faɗi a nan fa, ba kowa? Mama, mutane nawa nake gani a asibiti da karayar ƙugu? Ni kike ɓoye wa?"

"Ke ɗin nake ɓoye wa mana. Wa kuma yake da ikon ɗauke ni?"

Rabi'a ta miƙe ta hau sama.

Hajiya ta bi takunta da kunne. Ta ji an buɗe kwaba, ta ji ana jan wani abu mai nauyi a ƙasa. Akwati ne, ba shakka. Ta riƙe carbi gam, hawaye suka zubo, ta bar su. Ta fara lissafa waɗanda za ta yi wa sallama a layin nan da matan masallaci.

Sai ga abin ya leƙo ta kwanar matakala, fari, yana lanƙwashewa. Katifa ce. Rabi'a tana bayanta tana turowa, ɗankwali ya zame.

"Gadon sai maigidana Harun ya zo da mota ran Asabar ya kwance shi ya sauko da shi falo," ta ce tana nishi. "Gobe kuma za mu ga likitanki na unguwa, wannan ba shawara ba ce. Mu gwada zamanki a nan ƙasa zuwa hunturu. Amma kika ƙara ɓoye min wani abu, wallahi Mama..."

Hajiya ta share fuska da bakin mayafi.

"Gwiwar hagun ce ta fi ciwo," ta ce. "Tun azumi."