Hatimin Fatakwal

Duk Tudun Wada an san haukan Malam Ezekiyel. Wasu malaman makaranta in sun yi ritaya kaji suke kiwo, wasu su kama gulma a gindin bishiya, shi kuwa bawan Allah tsofaffin wasiƙu ya sa a gaba. Abin da ke cikinsu ma bai cika damunsa ba, ambulan yake so: kan sarki, da hatimin gidan waya mai nuna gari da kwanan wata. Ɗakinsa na waje ya cika maƙil da kwalaye, ga wata taswirar Zariya ta zamanin Turawa manne a bango, wadda Tudun Wada a cikinta layi huɗu ce kacal. Matarsa Felicia ta yi mita har ta gaji, ta ce ran da gara ta gano ɗakin nan sai ta yi walima. Shi dai cewa yake littafi zai rubuta a kan tarihin gidan waya a Zazzau.

Sai dai akwai lungu ɗaya da Malam ba ya bi, ko da ɗan acaɓa ya rantse nan ce hanya mafi kusa. Lungun su Inna Ishatu ke nan, kuma ga dalili.

A da can, rabin unguwar da akwatin gidan waya na makarantar coci suke karɓar wasiƙa. Ezekiyel yana saurayin malami, shi ke ɗaukowa ya raba, wanda bai iya karatu ba ya karanta masa. Inna Ishatu tana da ɗa namiji guda, Kailani, yana aikin dako a bakin ruwa a Fatakwal. Duk wata sai ya rubuto. A watan Maris na 1987 wasiƙa ta zo da wani rubutu daban. Abokin kwanansa ne, wani Nagoda, yake cewa zazzaɓi ya ɗauke Kailani ran sha huɗu ga wata, har an rufe shi a can. Inna ta riga ta shimfiɗa wa Malam tabarma, ta kawo ruwa, tana ta murmushi. Ya dubi takardar, ya dube ta. Sai ya ji kansa yana cewa, "Gaisuwa mai yawa zuwa ga Innata, ina nan lafiya."

To, ƙarya in ta fita ai sai an ciyar da ita. Shekara goma sha biyu yana rubuta wasiƙa da sunan Kailani, ya jefa a gidan waya na nan Zariya, ya ɗauko ya karanta mata. Da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Kafanchan a 1999 ya ce alhamdu lillahi, ya ajiye alƙalami. Ya dawo tuntuni, amma kunya ta hana shi lungun.

Wata Talata da hantsi yana goge wani ambulan, sai ga sallama. Bahijja ce, jikar Inna ta wajen 'yarta Atika, mai shagon ɗinki a bakin titi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye wani gwangwanin biskit da ya yi tsatsa.

"Baba, Inna ce ta ce a kawo maka, tunda an ce kana tara irin waɗannan. Ta ce akwai guda a ciki da ba tata ba ce, taka ce."

Malam ya jawo gwangwanin, hannu ya saba da aikinsa. Ya gyara tabarau ya fara warewa. Kashi na farko na Kailani ne na gaskiya, hatimin Fatakwal, rubutun nan nasa mai kama da tafiyar kaza. Kashi na biyu nasa ne, hatimin Zariya ɓaro-ɓaro, abin kunya ga duk wanda ya iya karatu. Ya zaci shi ke nan. Ashe akwai saura a ƙasan gwangwanin, sun kai ashirin da wani abu.

Rubutun Kailani ne. Hatimin Fatakwal ne. Ya ɗauko madubin da yake ƙara girman rubutu ya duba: ga 'yar tsaguwar nan a da'irar hatimin, irin wadda ke kan duk ambulan ɗin Fatakwal na wancan lokaci da ke cikin kwalayensa. Wannan ba mai iya ƙirƙira ta. Kuma kowanne kwanan watansa ɗaya, sha huɗu ga Maris, 1987.

Ya zaro guda. Kailani yana yi wa Inna barka da auren Bahijja, wadda ba a ma haife ta ba sai bayan shekara uku da rasuwarsa. Ya zaro wata, yana jajanta katangar da ta faɗi a daminar bara. Tsigar jikin Malam ta tashi, da rana tsaka, masu keke suna ta hon a waje.

"Bahijja, waɗannan wa yake kawo su?"

"Oho, Baba. A ƙarƙashin matashinta muke ganinsu."

"Wa yake karanta mata? Ai na ji an ce idonta ya tafi."

Ta shiga murza bakin mayafinta. "Bayan la'asar takan ce a sakar mata labule. Sai mu ji muryar namiji a hankali. Da muna cewa rediyo ce. Wallahi Baba rediyon nan ta fi shekara biyar ba batir."

Ta ƙarshe ba a buɗe ta ba. A bayanta an rubuta: Malam Ezekiyel, Tudun Wada. Shi da ba ya yarda a yaga ambulan ko na anini, da haƙori ya farke wannan.

"Malam, bayan gaisuwa. Na gode da wahalar da ka sha, na san tausayi ne. Amma shekara talatin da bakwai ke nan ba wanda ya yi mini addu'a. Ba a yi mini uku ba, ba bakwai, ba arba'in, don a gida ana lissafa ni cikin masu rai. Sauran matattu kowa ya wuce ya bar ni. Ni ba zan iya faɗa mata ba, mamaci ba ya kai saƙon mutuwar kansa. Kai aka aiko wa, kai ka riƙe. Ka isar, na gaji."

Malam ya ajiye takardar. Shi a ganinsa uwa ya tausaya wa, ko sau ɗaya bai taɓa tuna cewa ɗan ma yana da haƙƙi ba. Kirista ne, amma a Tudun Wada ya tashi, ya zauna a tabarmar makoki ba adadi, ya san abin da addu'ar nan take nufi ga maƙwabtansa. Ya ji tsoro, ya kuma ji kunya, kunyar ma ta fi. Ya ɗauki hularsa ya ce, "Mu je."

Inna tana kan tabarma a ɗakinta, ta tsufa tukuf, carbi a hannu. Kusa da ita an shimfiɗa wata tabarmar, ba kowa a kai, ga kofin ruwa an sha rabi. Malam bai yarda ya zauna a nan ba, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Malam ne? Kai, ka yi wuyar gani. Ka samu taka?"

"Na samu, Inna. Akwai wasiƙar da na karanta miki ba daidai ba. Kailani Allah ya yi masa rasuwa. A Fatakwal, zazzaɓi ne, shekara talatin da bakwai ke nan. Waɗanda na riƙa karanta miki bayan nan ni na rubuta su. Ki yafe mini."

Carbin ya tsaya. Bahijja tana tsaye a tsakar gida. Can leɓen tsohuwar ya motsa, kamar ba da sonta ba: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Tana rufe baki labulen ƙofar ya ɗaga a hankali, daidai tsayin mutum, ya koma. Ba iska ko kaɗan. Wani sanyi ya gifta ta kafaɗar Malam.

Inna ta juya fuskarta wajen ƙofar. "Kailani?" Shiru. Ta miƙa hannu ta shafa tabarmar da ke gefenta, daga wannan baki zuwa wancan, sannan ta fashe da kuka, irin kukan da ba ya da ƙarfin fita.

"Haba Malam. Ka yi shirunka shekara da shekaru, sai yanzu da yake zuwa yana zama da ni?"

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa.

Da kukan ya lafa, ta share fuska da gefen zani ta ɗaga murya. "Bahijja, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. A gaya wa liman ɗana ya rasu." Ta juyo inda take jin numfashin Malam. "Kai kuma ka je ka zauna ka karɓi gaisuwa, tunda ka fi kowa daɗewa da sani."