Ƙusa a Cikin Gungume

Likita ya sa an ajiye ƙusar a faranti a gefen gado. Tsawonta ya kai taƙi guda, ta lanƙwashe a tsakiya inda zarto ya cije ta. Auta ya fi minti biyar yana kallonta, don kallon ƙusa ya fi masa sauƙi da kallon hannun yayansa na dama, wanda aka naɗe da bandeji har gwiwar hannu. Yatsu uku sun tafi.

Shekara ashirin da shida Yaya yana tsaga katako a inji, ko ƙwarzane bai taɓa kawowa gida ba. Shekaranjiya da hantsi ya tura wani gungume, zarto ya ci karo da ƙusar da aka binne a cikinsa, ya tsinke, ya yi bulala.

"Sannu da zuwa, mai ceton daji," in ji matar Yaya, ba ta ko ɗago kai daga lemon da take ɓarewa ba. "Ya itatuwa? Sun kwana lafiya?"

"Anti, don Allah."

"Kar ka haɗa ni da Allah. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kai ka ja, ga wanda ya doka nan a kwance."

Ta zaro wani littafi daga jakarta ta wurga masa, ya faɗi a cinyarsa. Nasa ne, shi ya rubuta, har da sa hannunsa a shafin farko. Littafin da ya kai shi gidajen rediyo, wanda samari ke haddace layukansa. A babi na bakwai ya ce itace ba ya iya gudu, don haka wajibi ne a dasa masa haƙoran ƙarfe, ta yadda duk zarton da ya taɓa shi zai yi nadama. Wasu kuwa suka karanta, suka ɗauki guduma suka shiga kurmi.

Ransa ya ɓaci, kuma tsoro ne ya ɓata shi. "Ban taɓa cewa a ji wa mutum ciwo ba! Abin yana da ƙa'ida. Duk itacen da aka buga wa ƙusa sai an shafa masa jan fenti, a kuma aika wa masu inji takarda. Manufar ita ce kar a sare shi tun farko. Na rubuta haka."

"Babu fenti a gungumen nan," in ji Yaya. Maganarsa ta farko ke nan tun shigowar Auta, muryar a dishe.

"To laifin waɗanda suka yi ne, ba su bi abin da na ce ba."

"Gani ya kori ji," in ji matar. "Nuna mana wurin."

Auta ya buɗe babin da ƙarfin gwiwa. Ya bi shafi na farko da yatsa, ya juya, ya sake juyawa. Ya kai ƙarshe ya dawo farko. Wata nas ta shigo ta duba ledar ƙarin ruwa ta fita, shi yana nan yana juya takarda.

Sai ya tuna. Ranar da zai miƙa littafin maɗaba'a, ya karanta babin da ƙarfi a ɗakinsa, yana jin yadda kalmomin ke hawa kan juna. Da ya iso kan maganar fenti da takarda sai ya ji abin ya yi sanyi, kamar a tsakiyar waƙa a tsaya karanta umarnin shan magani. Layi biyar ne kacal. Ya ja musu jan biro, har ya yaba wa kansa.

"Ya aka yi, Malam?" in ji matar. "Gara ta cinye?"

Yaya ya ɗan muskuta, ya cije leɓe saboda zafi. Shi ya goyi Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau bai iya ganinsa a tsaka mai wuya ya ƙyale ba.

"Ƙila masu bugawa ne suka yar," in ji shi. "Suna yin haka, ko?"

Ga ƙofa an buɗe masa. Kai kawai zai gyaɗa, maganar ta mutu a nan, don ba mai zuwa maɗaba'a bincike. Auta ya dubi fuskar yayansa, ya ga yadda mutumin ke roƙonsa da ido ya ce e. Wallahi ya so ya ce.

"Ni na cire, Yaya."

"Saboda me?"

"Yana rage wa babin armashi."

Matar ta saki wata dariya marar daɗi, ta ajiye lemon. Auta ya jira ashar, ya jira a jefe shi da farantin, da ma hakan zai fi masa. Yaya dai ya daɗe yana dubansa. Daga nan ya juya a hankali ya fuskanci bango, yana tallafe da hannun.

"Hajiya," in ji shi, "raka baƙon nan, ina so in huta."