Bututun da Baba Ya Binne

Mai gyaran famfo ya zaro hannunsa daga ramin, ya ɗago guntun bututu da ya rududduge. Kwana uku ke nan ruwan masai yana dawowa tsakar gida, har matan da ke kawo wa Anti Tela ɗinki sun koma tsayawa a bakin ƙofa suna miƙo yadi.

"Anti, ba toshewa ba ce," in ji shi. "Bututun ne ya mutu. Dubi sirantarsa. Wannan na ruwan wanka ne, ba na masai ba. Duk wanda ya binne shi, Allah dai ya yafe masa."

Ta ƙifta masa ido, bai lura ba. Mahaifinta na zaune ƙarƙashin rumfa, hannun hagunsa da ya shanye yana kan cinyarsa. Shekara arba'in ya yi yana aikin gini, kuma babu bulo ɗaya a gidan nan da ba shi ya ɗora ba.

"Nawa zai ci?" ta tambaya da sauri.

Mutumin ya sosa ƙeya. Ya ce tunda ba a san ta inda bututun ya bi ba, sai an fasa simintin tsakar gidan duka, har bakin babban ramin. Da ya faɗi kuɗin, sai ta yi lissafi a ranta. Ɗinkin wata huɗu ne cur. Idonta ya kai ga tagar ɗakin aikinta, inda kekunan ɗinkinta biyu suke. Ɗaya zai tafi ke nan.

"Ba sai ka fasa duka ba."

Duk suka waiwaya. Tun da ciwon ya same shi, Baba bai cika haɗa kalma biyar ba.

"Ni na binne shi," ya ce a hankali, bakinsa na ja gefe. "Taku shida daga nan, ya karya dama. Ya bi gindin katanga."

Mai gyaran famfo ya rasa inda zai sa kansa. "Baba, ka yi haƙuri, bakina ne ba shi da linzami."

"Gaskiya ka faɗa. Na san siriri ne ranar da na saye shi." Ya juyo ga 'yarsa. "Watan da aka haife ki ne. Bakwaini kika zo, kika yi kwana ashirin a asibiti. Kuɗin babban bututun can ya tafi. Na ce in kin yi ƙwari zan canza."

"Baba, shekarata talatin da takwas."

"To, ai yanzu kika yi ƙwarin."

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na biye da ita. Ta goge da bakin ɗankwali.

Mai gyaran famfo ya sake auna wurin da ido, ya ce in dai gindin katanga za a bi, aikin ya ragu da rabi. Rabin ma ba wasa ba ne, amma keken zai zauna.

Anti Tela ta kama kujerar ta baya, mutumin ya kama ta gaba, suka ɗauki tsohon zuwa bakin ramin. Warin bai dame shi ba. Ya miƙa sandarsa ya ja layi a kan siminti.

"Fara daga nan," in ji shi. "Kuma ka ba shi gangara sosai. Ina kallonka."